Maɓallan ampilin bas: daga ina suka fito?

Yaro in ya samu gitar bas da ampili, abin da yake fara yi shi ne ya murɗe kowane maɓalli har ƙarshe. Gida ya ɗauki rugugi, maƙwabta su yi ƙorafi, bayan ƴan watanni lasifika ta fara kuka kamar fasasshiyar ƙwarya. A ganina, iyaye da malaman lakwal masu kula da ƙungiyar kiɗa za su fi iya kwaɓar yaran in sun san asalin maɓallan nan, don ba rana guda aka jera su ba. Kowanne wata matsala ce ta haife shi.

Kafin 1951, babbar muryar ƙungiyar kiɗa a Amurka tana fitowa ne daga kontirabas, wani ƙaton abu mai tsirkiya huɗu da ya kai tsayin mutum, amma ganguna da kayan busa suna danne shi. A shekarar nan Leo Fender ya fito da gitar bas mai aiki da kuran, mai suna Precision Bass, a 1952 kuma ya yi mata ampili, Bassman. Maɓallansa ba su da yawa: na ƙara, da na gyara murya.

A 1952 ɗin dai, wani injiniya a Ingila, Peter Baxandall, ya wallafa wata dabara a mujallar Wireless World. Maɓallai biyu ne, Bass na kaurin murya da Treble na kaifinta. In aka bar su a tsakiya, ba su ƙara komai, ba su rage komai. Kamfanin Ampeg ya bi irin wannan hanya a ampilinsa B-15 na 1960. Fender kuwa tasa hanyar daban ce. Bassman na ƙarshen shekarun 1950 yana da Bass, Middle da Treble, amma ko an daidaita su duka a tsakiya, muryar tsakiyar tana nan a danne. Shi ne Jim Marshall ya kwaikwaya a Landan a 1962. Ke nan yaron da ya ce "na sa komai a tsakiya" bai gama magana ba, sai an san jinsin ampilin da ke gabansa.

Nan ne nake so malaman fizik su tsaya. Tsirkiya mafi kauri a bas mai tsirkiya huɗu tana kaɗawa sau 41 kacal a sakan guda. Kafin kunne ya ji murya mai ƙasa haka, sai fatar lasifika ta tura iska mai yawa, ta yi gaba da baya da nisa. Murɗe Bass har ƙarshe a ƙaramin ampili, ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Abin da ke sa a ji bas cikin ganguna kuwa Middle ne, wanda yara suka fi rainawa. Ampeg ya gane haka: SVT ɗinsa na 1969, mai wat 300, wanda Rolling Stones suka zaga Amurka da shi a shekarar, yana da makunni na zaɓen ɓangaren muryar tsakiyar da za a ɗaga.

Raba maɓallin ƙara gida biyu ya yaɗu ne a shekarun 1970. Gain yana bakin ƙofa, shi ke auna ƙarfin abin da ke shigowa daga gita. Master yana wajen fita, shi ke auna abin da zai kai ga lasifika. In Gain ya yi yawa murya ta dushe, a wasu ampilan wata ƴar fitila mai suna Clip ta kama. Sai kuma bas masu pil a ciki, irin StingRay ta 1976, waɗanda ke aiko da ƙarfi fiye da na da. Don su aka ƙara rami ko makunni mai rubutun Active da Passive.

Ga yadda nake nuna wa ɗalibai: Master a ƙasa kafin a kunna, a ɗaga Gain har Clip ta fara ƙyaftawa sannan a ɗan rage, a taɓa Middle kafin Bass. Master ne na ƙarshe, kuma a tsaida shi inda mutum biyu za su iya magana cikin ɗakin ba tare da ihu ba.