Mabuɗin asali mai ƙirga kansa

mabuɗin asali mai ƙirga kansa (suna, namiji; jam'i: mabuɗan asali masu ƙirga kansu). A fannin kwamfuta: lambar da rumbun bayanai ke raɗa wa kowane sabon layi da aka shigar a jadawali, don kada layuka biyu su taɓa yin lamba ɗaya. Mai rubuta manhaja yakan bar gurbin ba komai, rumbun ya cika: 1, 2, 3, haka dai.

Rumbun MySQL na yin wannan da AUTO_INCREMENT, na PostgreSQL kuwa da SERIAL. Wuyar aikin ita ce sanin lambar bayan an shigar da layin. Shi ya sa laburaren da ke tsakanin manhaja da rumbu ke dawo da ita: JDBC ta hanyar getGeneratedKeys, sqlite3 na Python ta lastrowid. Masu gaggawa sukan ɗauki lamba mafi girma a jadawalin, amma wannan ganganci ne, domin wani na iya shigar da nasa layin a daidai wannan lokacin.

Lambobin sukan yi giɓi. A PostgreSQL, in aka soke shigarwa, lambarta ta tafi ke nan.

Misali: "Kar ka rubuta lambar ɗalibin da hannu, mabuɗin asali zai ba shi tasa."