Tarihin Nutso da Tulun Iska a Tsakiyar Kifayen Shak

Nutso da tulun iska, wanda ake kira sukuba, hanya ce ta shiga ƙarƙashin ruwa inda mai nutso ke goya tulun ƙarfe cike da matsattsiyar iska yana shaƙa ta cikin mesa. Ya bambanta da nutson da aka sani a Ikara da Maƙarfi da Kudan, inda gwanin ruwa kan riƙe numfashi ya nutsa cikin tafki ko rijiya, ya fito kafin ƙirji ya ƙure. Shi kuwa shak kifin teku ne mai guringuntsi a madadin ƙashi, yana da jinsuna fiye da 500, kuma mafi girmansu ƙananan halittun ruwa kawai yake tacewa ya ci.

A 1943 Jacques-Yves Cousteau da injiniya Emile Gagnan suka ƙera na'urar Aqua-Lung a Faransa, wadda ke rage ƙarfin iskar tulu ta daidaita shi da nauyin ruwan da ke danne mai nutso. Babbar fa'idarta ita ce lokaci, domin mutumin da a da ganinsa da shak bai wuce ƙiftawar ido ba ya sami damar tsayawa ya lura da ɗabi'arsa. Hans Hass, ɗan Ostiriya, ya ɗauki hotunan shak a Bahar Maliya kusa da Fot Sudan a wajajen 1950, a gaɓar da alhazan ƙasar Hausa masu tafiyar ƙafa suka daɗe suna tsallakawa zuwa Jidda. A ruwan Sudan ɗin dai, a Sha'ab Rumi, Cousteau ya kafa gidan ƙarƙashin ruwa a 1963, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin kimanin mita 10. Duk da haka tsohuwar ƙiyayyar da ake yi wa shak ba ta gushe nan take ba, domin fim ɗinsa na 1956 ya nuna ma'aikatan jirginsa suna karkashe shak, abin da yake da nauyin kallo a yau.

Kejin ƙarfe, wanda shi ya buɗe wa 'yan yawon buɗe ido ƙofa, yana da alaƙa da Rodney Fox na Ostireliya, wanda farin shak ya kai wa mummunan hari a Disambar 1963 yana tsaka da gasar sukar kifi, har aka yi masa ɗinki fiye da 400. Bayan ya warke sai ya ƙera kejin da mutum zai shiga a saukar da shi cikin ruwa, ya shafe shekaru masu yawa yana kare dabbar da ta kusa hallaka shi. Fim ɗin Jaws na 1975 ya cusa tsoro a zukatan jama'a, alhali Eugenie Clark ta riga ta nuna a Fulorida cewa shak yana koyon abu idan an horar da shi.

Masu nutso da dama sun ba da labarin cewa shak yakan kauce wa ƙarar kumfar numfashinsu, ko ya kewaye su sau ɗaya ya wuce, kuma abin da suka fi kiyayewa shi ne saurin tasowa sama, wanda ke sa iskar naitirojin ta yi kumfa a cikin jini ta haddasa ciwon gaɓoɓi ko shanyewar jiki. Alƙaluma sun goyi bayansu, domin mutanen da shak ke kashewa a duniya ba su cika wuce goma a shekara ba, yayin da wani ƙiyasi na 2013 ya nuna ana kashe shak kusan miliyan 100 duk shekara, da yawa saboda fikafikansu.

Kuɗin da masu nutso ke kawowa na cikin dalilan da suka sa ƙasar Falau ta haramta kamun shak a ruwanta a 2009, Bahamas ta bi sahu a 2011. Gardama ba ta ƙare ba a kan zuba jini da guntayen kifi don jawo shak kusa da keji, kamar yadda ake yi a Gansbaai ta Afirka ta Kudu, kuma masu suka suna da hujja mai ƙarfi, domin dabbar da ta saba samun abinci a inda mutane suke tana iya canza hali. A Gansbaai ɗin ma fararen shak sun ragu tun daga 2017, bayan da dabbobin ruwa da ake kira oka suka fara farautarsu suna cinye hantarsu.