Jirgin ƙasan cikin birnin Legas: aikin da ya ɗauki shekara arba'in kafin ya ɗauki fasinja

Ranar 4 ga Satumbar 2023 jirgin ƙasa ya fara jigilar fasinjoji tsakanin Marina da Mile 2 a Legas. Tafiyar kilomita 13 ce kacal, mai tashoshi biyar, amma sai da birnin ya jira shekara arba'in kafin ya gan ta.

Babu wanda ya san takamaiman yawan mutanen Legas. Ƙidayar 2006 ta ce sun haura miliyan 9 kaɗan, gwamnatin jihar ta yi watsi da wannan adadi, a yau kuma tana cewa sun zarce miliyan 20. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yanayin birnin: manyan ofisoshi da kasuwanni sun taru a kan tsibiri, akasarin ma'aikata kuma suna kwana a can nesa, a Ikorodu da Agege da Ojo, har da garuruwan jihar Ogun. Gadoji uku ne ke haɗa tsibirin Legas da sauran gari, mafi tsawonsu ita ce Third Mainland mai kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990. Wanda zai isa aiki ƙarfe takwas sau da yawa tun kafin asuba yake barin gida.

Yunƙurin farko

A 1983 gwamnatin Alhaji Lateef Jakande ta ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari tare da wasu kamfanonin Faransa. Sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen wannan shekara, a 1985 kuma gwamnatin Manjo Janar Muhammadu Buhari ta soke kwangilar, daga baya aka biya kamfanonin diyyar miliyoyin daloli a kan aikin da ba a yi ba. Daga nan birnin ya koma hannun motocin molue da danfo da 'yan acaɓa. Wani abin mamaki shi ne, Buharin ne dai, a matsayin zaɓaɓɓen shugaban ƙasa, ya ƙaddamar da sabon layin a Janairun 2023.

Hukumar da ba ta faɗi da gwamnati ba

Abin da ya bambanta yunƙuri na biyu da na farko ba kuɗi ba ne kaɗai. A 2002, zamanin gwamna Bola Tinubu, aka kafa hukumar LAMATA da tallafin Bankin Duniya, aka ɗora mata alhakin tsara sufurin birnin gaba ɗaya. Gwamnoni huɗu sun yi mulki tun daga lokacin, hukumar tana nan, taswirar layukanta tana nan. Gaskiya ne cewa duka gwamnonin daga gida ɗaya na siyasa suka fito, wanda hakan ya sauƙaƙa ɗorewar aikin, ko da yake ya kuma rage masu bin diddigin yadda ake kashe kuɗin.

Hukumar ta fara da abin da ya fi araha. A Maris ɗin 2008, ƙarƙashin gwamna Babatunde Fashola, aka buɗe hanyar manyan bas-bas da ake kira BRT daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, inda aka keɓe musu layinsu a kan titi don kada cunkoso ya riƙe su. An tsawaita ta zuwa Ikorodu a 2015, aka ƙara ta Oshodi zuwa Abule Egba a 2020.

Dogo kuwa ya ba da wahala. Kamfanin CCECC na China ne ya gina Layin Shuɗi, wanda aka tsara zai kai kilomita 27 har Okokomaiko. An sha sanya ranar kammalawa ana ɗagawa fiye da shekara goma, saboda ƙarancin kuɗi, da faɗuwar darajar naira, da wahalar kafa ginshiƙai a cikin ruwa. Jan Layi ya fi sauri: an aza harsashinsa a 2021, aka ƙaddamar da shi a Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba. Dalilin saurin shi ne ya bi hanyar dogon gwamnatin tarayya ta Legas zuwa Ibadan, daga Agbado zuwa Oyingbo, ya ratsa ta Agege, unguwar da Hausawa suka daɗe da kafa zango a cikinta. Arahar tana da farashinta: jirginsa da man dizal yake aiki, kuma dole ya raba hanya da jiragen tarayya, abin da ke taƙaita yawan zirga-zirgarsa.

Akwai kuma waɗanda sabon tsarin ya ture gefe. A Yunin 2022 jihar ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ta ƙara wasu daga baya, dubban matasa kuma, da yawansu 'yan Arewa, suka rasa sana'a tun kafin jirgin da aka ce zai maye gurbinsu ya fara tafiya.

Abuja ta sha gaban Legas wajen buɗe nata jirgin a Yulin 2018, da rancen China. Sai dai layin ya nufi filin jirgin sama da Kubwa ta Idu, ya bar Nyanya da Mararaba, inda cunkoson ya fi tsanani. An dakatar da shi a 2020 lokacin annobar korona, bai dawo ba sai Mayun 2024.

A Maris ɗin 2023 aka yi wa kundin tsarin mulki gyara, aka fitar da harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da iko a kansu. Yanzu kowace jiha tana iya yin dokarta ta gina nata dogo, har da Kano, wadda gwamnatocinta suka sha alƙawarin jirgin cikin gari. Legas dai ta fi kowace jiha tara harajin cikin gida, kuma duk da haka sai da ta ci bashin bankuna kafin ta kammala kashin farko na layukan biyu.