Kazar Sa John Sebright: shekara ɗari biyu ana kiwo don gashi

A cikin kajin duniya akwai wata 'yar ƙarama da ake kira Sebright, wadda zakaranta bai wuce giram 620 ba, macen kuma giram 510 a ma'aunin Birtaniya. Namanta bai isa miyar gida ɗaya ba. Ƙwanta ƙanana ne, sittin zuwa tamanin a shekara, kuma da wuya ta yi kwanci a kansu. Duk da haka an shafe fiye da shekara ɗari biyu ana kiwonta, ana yi mata gasa, alƙalai na ɗaga fiffikenta suna duba gashi ɗaya bayan ɗaya. Abin da suke nema shi ne baƙin layi siriri da ya kewaye bakin kowane gashi, kamar an bi shi da alƙalami da tawada, tsakiyar kuma ta kasance ruwan zinariya ko fara fat kamar azurfa.

Mutumin da ta ci sunansa, Sa John Saunders Sebright, an haife shi a 1767, ya rasu a 1846. Mai filaye ne a gundumar Hertfordshire ta Ingila, kuma ya wakilce ta a majalisar dokoki tun daga 1807 har kusan shekara talatin. Ya taso a zamanin da manyan manoman Ingila suka kamu da sha'awar gyaran irin dabbobi. Kafin shi an yi Robert Bakewell, wanda ya rasu a 1795, ya nuna cewa idan aka zaɓi rago da tunkiya masu siffar da ake so, aka riƙa haɗa su da danginsu na kusa, za a sami tumaki masu saurin ƙiba. Bakewell nama yake nema. Sebright ya ɗauki wannan dabara ya kai ta akurki, ya ɗora ta kan abin da ba a ci ba a sha, wato launi.

Masu tarihin kaji sun fi danganta asalin kazar da haɗin ƙananan kaji irin Nankin da Rosecomb, da kuma Polish da Hamburg masu zane a gashi. Aikin ya ci shekaru masu yawa a farkon ƙarni na 19, domin zane irin wannan ba ya zama a ƙyanƙyasa ɗaya. Sai a sami ɗan tsako mai layi a ƙirji amma bayansa ya dagule, ko wanda layinsa ya yi kauri har ya cinye zinariyar. A kowace shekara sai a ware kaɗan, a kawar da saura. Tun Sebright na raye aka kafa ƙungiyar masu kiwon wannan kaza, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka kafa don irin kaza guda.

Abin da ya fi ba da mamaki a jikinta yana wurin zakaran. Kowa ya san zakara da dogon gashin wuya mai tsini da jela mai lanƙwasa kamar lauje. Zakaran Sebright ba shi da ko ɗaya. Gashinsa mai faɗi ne, bakinsa a zagaye, tamkar na mace, ga shi yana cara yana kuma taka kaji kamar kowane zakara. Wannan siffa ce ta sa zanen ya yiwu, tunda gashi mai tsini ba shi da filin da layi zai kewaya. Ta kuma rage wa masu kiwo wahala. A wasu irin kaji masu zane, kamar Wyandotte, akan ware garke biyu, ɗaya don samar da zakarun gasa, ɗaya don mata, saboda abin da ke ƙawata namiji yakan ɓata mace. A Sebright garke ɗaya ya isa.

Sai bayan rasuwarsa da daɗewa aka gano dalili. Thomas Hunt Morgan, masanin gadon halitta na Amurka, ya fiɗiye zakarun Sebright a shekarun 1910, sai ga su sun fito da dogon gashin zakara, abin da ya saɓa wa tsammanin kowa. A shekarun 1980 masu bincike a jihar Texas suka warware ƙullin: fatar wannan kaza tana samar da wani sinadari mai suna aromatas da yawa, wanda ke juya sinadarin mazantaka ya koma na mata a gindin gashi. Idan aka cire maraina, babu abin da za a juya, sai gashi ya koma irin na zakara.

Charles Darwin ma ya ci moriyar Sebright. A 1809 Sebright ya buga wata 'yar maƙala kan dabarar gyaran irin dabbobin gida, a matsayin wasiƙa ga Sa Joseph Banks. A ciki ya lura cewa tsananin sanyi ko ƙarancin abinci yakan kashe raunanan dabbobi ya bar ƙarfafa, kamar yadda gwanin makiyayi ke zaɓe. Darwin ya karanta ta da kyau, ya kuma ambaci Sebright a littafinsa na 1859 kan asalin halittu, yana kafa hujja da ƙwarewarsa wajen sauya gashi da kai da bakin tattabaru cikin 'yan shekaru. A ganina wannan shi ne babban gadon mutumin, ko da yake kazar ce ta riƙe sunansa.

Gasa kuwa daga baya ta bunƙasa. A 1835 doka ta hana faɗan zakaru a Ingila, sai masu son kaji da yawa suka karkata ga baje kolinsu. An yi nunin kaji a gidan namun daji na Landan a 1845, kuma manyan kajin da aka kawo wa Sarauniya Victoria daga gabashin Asiya a waɗannan shekaru sun sa attajirai rububin sayen kaji da tsadar da ba ta da alaƙa da nama ko ƙwai. Inda kuɗi da kambu suka shigo, gardama ba ta rasa biyo baya: wane alƙali ne ya yi daidai? Don haka a 1865 aka buga littafin mizanin kajin gasa na farko a Birtaniya, wanda William Tegetmeier, abokin wasiƙar Darwin, ya tsara. Amurka ta fitar da nata a 1874, kuma Sebright na ciki tun bugun farko.

Mizanin ya ƙayyade komai. Layi ya zama baƙi mai sheƙin kore, kaurinsa ɗaya a ko'ina, kada ɗigon baƙi ya shiga tsakiyar gashi. Ƙafa ta zama shuɗiya mai duhu. Zanko ya zama shimfiɗaɗɗe mai ƙananan ƙuraje da tsini a baya, an kuma fi son launinsa ya ja zuwa shunayya mai duhu, siffar da ta yi ƙaranci har yawancin zakarun yau jan zanko gare su. Zinariya da azurfa ma suna da nasu lissafi: ƙwayar gadon launin tana tafiya da jinsi, don haka idan zakara mai zinariya ya taka kaza mai azurfa, 'ya'ya mata za su fito da zinariya, maza kuma da azurfa mai sirkin rawaya, wadda alƙali ba ya yafewa.

Nan ne kuma tsadar abin ta bayyana. Mai kiwon da ke neman layi mai tsabta ba ya son shigo da baƙon jini, domin zakara ɗaya daga waje na iya rushe aikin shekara goma. Sai ya yi ta haɗa uba da 'ya, wa da ƙanwa. Sakamakon sananne ne ga duk mai Sebright: ƙwai da yawa baragurbi, 'yan tsaki masu saurin mutuwa, da rauni a gaban cutar Marek mai shanye ƙafafun kaji. Har zankon da mizani ya wajabta yana da hannu, domin wani bincike na 2012 ya nuna cewa zakaran da ya gaji ainihin ƙwayar wannan zanko daga uwa da uba, maniyyinsa ba ya da kuzari. Ga shi kuma macen ba ta kwanci, sai an nemi wata kaza ko injin ƙyanƙyasa. Sebright da kansa ya yi gargaɗi a maƙalarsa ta 1809 cewa yawan haɗa jini ɗaya yana lalata iri, bayan ya gwada a kan karnuka da kaji da tattabaru.

A yau ƙungiyoyin kare tsofaffin irin dabbobi a Birtaniya da Amurka sun sa Sebright cikin jerin waɗanda ake sa wa ido. Masu riƙe da ita ƙalilan ne, yawancinsu masu sha'awa ne da 'yan akurki a bayan gida, kuma shawarar da ke gabansu kowace shekara ita ce ko su ajiye zakaran da ya fi kyawun layi, ko wanda ƙwan matansa ya fi ƙyanƙyashewa. Alƙalin gasa na farkon kaɗai yake iya gani.