Yadda sikanin ya kai ga ganin hanji

A shekarar 1932 likita Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu a asibitin Mount Sinai na birnin New York suka bayyana wani ciwo mai kumbura hanji, wanda kan lafa ya sake tashi shekara da shekaru. Ciwon yana ɗauke da sunansa har yau. A wancan zamani ba a ganin ɓarnarsa sai an ba majiyyaci ruwan bariyom an ɗauki hoton eksire, ko kuwa an buɗe cikin.

A 1958 a birnin Gilasgo, likitan mata Ian Donald, tare da John MacVicar da injiniya Tom Brown, suka wallafa yadda sautin da kunne ba ya ji ke nuna ƙari a cikin mutum. Wannan ne mafarin abin da muke kira sikanin. Sai dai hanji ya daɗe yana gagarar na'urar, domin iskar da ke cikinsa tana tare sautin. A 1986 Julien Puylaert na ƙasar Holan ya nuna cewa in an danna ciki sannu a hankali iskar kan kauce, har a ga kumburin afendis.

Yau ƙwararren likita kan kawo na'urar bakin gado ya auna bangon hanji. Kaurin da ya wuce milimita 3 alamar kumburi ne. Yana kuma iya gano taruwar mugunya, ƙuntatar hanji da yoyonsa, ba tare da tururin eksire ba.

A Bakori da Funtua da Malumfashi an fi sanin sikanin wajen masu juna biyu, alhali amfaninsa ya zarce nan. Atini da taifod da tarin fuka na hanji duk sukan yi kama da ciwon Crohn, kuma sikanin kaɗai ba ya rarrabe su. Ana buƙatar gwajin bayan gida, wani lokaci har da leƙa hanji da kyamara a babban asibiti irin na Shika.

Haɗarin yana a kemis. Prednisolone kan kwantar da kumburi, amma in akwai mugunya ko tarin fuka sai ya rura su. Diclofenac da ibuprofen ma sukan tayar da ciwon. Duk mai gudawa da jini ta makonni, ko rama da zazzaɓi da ciwon ciki, ya ga likita kafin ya haɗiyi ƙwaya. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.