Bunƙasar Birnin Gombe Ta Fuskar Sunayen Unguwanninsa

1.0 Gabatarwa

A tsohuwar Hausa, kalmar birni tana nufin ganuwar da ta kewaye gari, sannan tana nufin garin da ke cikinta. A Kano, alal misali, Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa a ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuma ya faɗaɗa ta ya kafa kasuwar Kurmi. Baƙin da fatauci ya kawo cikin ganuwar suka sauka, kuma har yau sunaye irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi suna nuna asalinsu. Wannan maƙala za ta dubi Gombe, garin da kowa ke kira birni alhali ba ganuwa ce ta tsara shi ba, domin a ga abin da sunayen unguwanninsa ke faɗa game da tasowarsa.

2.0 Mazauni Uku

Modibbo Buba Yero, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ne ya kafa masarautar Gombe a zamanin jihadi, ya yi mazauni a Gombe Abba kusa da kogin Gongola, ya rasu a 1841. Bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada a cikinsa, ƙasar ta koma hannun Turawan Ingila. A 1913 suka mayar da fadar Nafada, inda jiragen ruwa ke iya isowa da damina. A 1919, zamanin Sarki Umaru Kwairanga, suka sake ɗauke ta zuwa Doma, domin hukuma ta kusanci ƙasar Tangale da Waja. Wannan Gombe Doma ita ce Gomben yau.

Ya kamata a lura da wannan shekara. Garin da aka kafa a 1919 ba ya tsoron mahara, don haka bai bukaci ƙofa ko gwalalo ba. Hanya ce ta raine shi. Titunan Bauchi da Yola da Biu da Potiskum duk a nan suka haɗu. Audugar da ake nomawa a yankin ta ɗaure garin da kasuwannin ƙetare. Jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963, kafin ya kai Maiduguri a 1964.

3.0 Abin Da Sunaye Ke Nunawa

Idan aka bi sunayen unguwanni daga fada zuwa waje, za a tarar sun jeru kamar sawun matafiyi. Na kusa da fada, wato irin su Ajiya da Shamaki, sunayen sarautu ne, alamar cewa masu riƙe da muƙamai ne suka sauka da jama'arsu lokacin ƙaura. Bolari kuwa tana ɗauke da ɗafa-ƙeyar -ri ta Barbarci, wadda ake gani a Hausari da Fulatari na Maiduguri, ma'anarta mazaunin Bolawa. Nasarawo sigar Fillanci ce ta sunan da Bahaushe ke kira Nasarawa. Tudun Wada suna ne da ya yaɗu a garuruwan Arewa zamanin mulkin mallaka, ana ba unguwar baƙi da ke bayan tsohon gari. Ke nan harsuna uku sun bar sawunsu a taswirar gari guda, kodayake Hausa ce ta rinjaya a kasuwa da tasha da makaranta, har a bakin 'ya'yan Fulani da Terawa da Tangalawa.

4.0 Malam Inna

A ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire jihar Gombe daga jihar Bauchi. Ma'aikata suka dawo gida, filaye suka yi daraja, gonakin bayan gari suka zama fegi. A 2004 aka kafa jami'ar jiha a Tudun Wada, kuma unguwar Malam Inna da ke maƙwabtaka da ita ta cika da ɗalibai da masu gina ɗakunan haya. Rikicin Boko Haram, wanda ya ɓarke a 2009, ya ƙara turo jama'a daga Borno da Yobe zuwa unguwannin gefen gari.

Ginin sunan Malam Inna irin na ƙauye ne, wato a jingina wuri ga mutum, kamar yadda ake cewa Unguwar Malam Wane ko Gidan Wane. A ra'ayin mai wannan rubutu, wannan ita ce shaida mafi ƙarfi a kan yanayin bunƙasar Gombe: birnin yana haɗiye mazaunan da ya tarar, ya bar musu sunayensu, gidaje kuma su riga titi da magudanar ruwa isa wurin. An ga sakamakon haka. Gombe tana zaune ne a gangaren tudun Akko, ƙasarta yashi ce, kuma da rufin kwano ya maye gurbin gona sai ruwan sama ya rasa wurin nitsewa. Kwarin da ya tsaga daga jami'a ya ratsa Malam Inna zuwa Kagarawal ya ci gidaje da filaye, har sai da aka shiga aikin gyaransa da tallafin Bankin Duniya.

Ga manazarcin harshe akwai aiki a nan. A layi guda na Malam Inna ana iya jin Hausar Bafillace da ta Batangale da ta ɗan Borno, ga kuma yaran da aka haifa a wurin, waɗanda Hausa ce harshensu na farko. Ya dace a naɗi maganar tsara biyun nan, musamman yadda suke sarrafa jinsi da karin sauti, a kuma tattara tarihin sunayen unguwanni daga bakin dattawan da suka nome waɗannan filaye kafin 1996, tun suna raye.