Igiya, Inji da Birki: Tarihin Abin da Ke Bayan Labule a Alƙahira

Wanda ya tashi daga unguwar Ma'adi, a kudancin birnin Alƙahira, yana nufin kallon wasa, zai hau jirgin ƙasa na cikin gari, ya sake wani a tashar Sadat, ya sauka a tashar Opera cikin tsibirin Jazira. Nan ne babban gidan wasa na Masar yake, wanda aka gina da taimakon ƙasar Japan, aka buɗe shi ran 10 ga Oktoba, 1988. Ɗan kallo yakan ga labule ya yaye, bango ya sauko daga sama, amma ba safai yakan tuna ba cewa a irin wannan gida ƙarafa da fitilu masu nauyin gaske suna rataye bisa kawunan 'yan wasa. Abin da ke riƙe da su yana da dogon tarihi, wani sashe nasa kuwa a Masar ya faru.

A ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, wani masani na Iskandariya mai suna Hero ya rubuta yadda ake ƙera ɗan dandamalin wasa mai motsi da kansa. Ana ɗora dalma bisa gero a cikin wani bututu mai ƙaramar huda. Geron na tsiyaya, dalmar na sauka a hankali tana jan igiya, igiyar na juya ƙafafu. Watau tun wancan zamani an gane cewa nauyi zai yi wa mutum aiki, muddin akwai abin da ke hana shi sauri.

Sa'ad da Khediwi Isma'il ya buɗe gidan Opera na farko a Alƙahira ran 1 ga Nuwamba, 1869, domin bikin buɗe mashigin Suwez, aikin bayan labule na hannu ne, kamar yadda yake a gidajen wasa na Italiya a lokacin: katako, da igiyoyi, da ƙarfin ƙarti. A wannan gida aka fara nuna shahararren wasan nan Aida ran 24 ga Disamba, 1871. Birkin wannan zamani shi ne hannun mai riƙe da igiya da ƙullin da ya yi.

Masifa ce ta sa Turai suka sake shawara. A watan Disamba na 1881 gidan wasa na Ring a birnin Biyana ya ƙone, mutum fiye da 380 suka halaka. Akwai labulen ƙarfe na tare wuta, amma ba wanda ya sauke shi. Daga nan aka koma ga ƙarfe da injuna. A 1896 Karl Lautenschläger ya kafa dandamali mai juyawa da lantarki a birnin Munik na Jamus. A cikin shekarar kuma, a gidan Opera na Paris, wani ƙarfe mai daidaita nauyin babbar fitila ya kuɓuce, ya faɗo ya kashe mace guda. Inji ya fi mutum ƙarfi, amma ba ya jin kira, ba ya kuma ganin wanda ke tsaye a ƙarƙashinsa.

Maganin wannan kuwa an riga an nuna shi tun 1854 a Niw Yok. Elisha Otis ya hau kan na'urarsa ta ɗaga kaya, ya sa aka sare igiyar a gaban jama'a, bai faɗo ba. Igiyar ce ke danne wani sifirin, da ta tsinke sai sifirin ya buɗe ya kama haƙoran ƙarfe. Wannan dabara ita masu haɗa injunan dandamali suke bi har yau. Sifirin ne ke matse birki kullum, lantarki kuwa aikinsa ya ja maganaɗisu ya saki birkin. Saboda haka in wuta ta ɗauke, kaya sai su tsaya cik inda suke. Injin da ke ɗaga kaya bisa kan mutane akan sa masa birki biyu, kowanne ya isa ya riƙe kayan shi kaɗai. Maɓallin tsayawar gaggawa kuma ana haɗa shi ta yadda wuta ke bi ta cikinsa a koyaushe, don in waya ta katse inji ya tsaya, maimakon maɓalli ya mutu ba wanda ya sani. Akwai kuma maɓallan iyaka a sama da ƙasa, masu yanke wuta in kaya sun zarce wurinsu.

Alƙahira ta ɗanɗana tata asarar. Ran 28 ga Oktoba, 1971, gobara ta cinye tsohon gidan Opera, wanda yawancinsa katako ne, tare da tufafi da kayan wasa da aka tara shekara ɗari. Wurin ajiye motoci ne ke tsaye a filin yanzu, birnin kuwa ya yi shekara 17 kafin ya sami madadinsa. A watan Satumba na 2008 wuta ta kama Gidan Wasa na Ƙasa a Azbakiyya, aka danganta ta da wayoyin lantarki, ba a sake buɗe shi ba sai 2014.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa ƙwararren mai haɗa waya ba ya gamsuwa don inji ya tashi. Sai ya ɗora masa kaya, ya yanke wuta, ya gwada birki ɗaya ɗaya, ya ga kayan sun tsaya, sa'an nan ya yarda ɗan wasa ya shiga ƙarƙashinsu.